Tambayoyi da amsoshi kan gyara waifai na masana'anta domin injiniyan nesa ya ga injinka

A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa a Najeriya sama da wata biyar, masu masana'antu sun ɗanɗana kuɗarsu: inji ya tsaya a Sakkwato, wanda ya san cikinsa kuma yana Indiya ko Sin ko Jamus. Tun daga lokacin kamfanonin da ke ƙera injuna suka ƙara matsa wa abokan cinikinsu su koma gyara daga nesa. Ni sana'ata jan waya ce da kafa na'urorin sadarwa a cikin Sakkwato da kewayenta, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji daga bakin masu injin casar shinkafa, da manajoji, da makanikai.

1. Wai mene ne wannan gyara daga nesa da ake sa tabarau?

Makaniki yana tsaye gaban inji da kyamara, ko a jikin tabarau, ko maƙale da hular kwano, ko ta wayar hannunsa. Injiniyan kamfanin da ya ƙera injin yana can ƙasarsu yana kallon duk abin da kyamarar ta kalla. Abin da ya raba wannan da kiran bidiyo na WhatsApp shi ne zane: injiniyan zai iya zagaye wani noti da jan layi, ko ya ɗora kibiya a kan wata waya, makaniki ya ga zanen manne a kan notin, ko ya juya kai ya dawo yana nan inda aka bar shi. Ita ce fasahar da ake taƙaita sunanta da haruffan AR. Manhajojin da aka sani a wannan fage sun haɗa da na TeamViewer, da Vuforia Chalk, da Remote Assist na Microsoft.

Amfaninta a fili yake ga duk wanda ya taɓa jiran baƙon injiniya. Sai an nema masa biza, ya sauka Legas ko Abuja, ya jira jirgin da zai kawo shi filin Sultan Abubakar na Uku, ga masauki, ga kuɗinsa da dala, shinkafa kuma tana jiƙe tana jira. Sau da yawa abin da ya tsayar da injin bai wuce wata 'yar na'ura da ƙura ta rufe wa ido ba.

2. Muna da intanet mai ƙarfi a ofis. Me ya hana ya wadatar?

Saboda injin ba a ofis yake ba. Na taɓa shiga wani injin casa da ke bayan gari, mai wurin ya tarbe ni da ƙorafi: "Injiniya, kuɗi muke biya duk wata, amma da mutanen Indiya sun kira sai hoto ya daskare." Muka zauna a ofishinsa, bidiyo na tafiya lafiya lau. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a raka ni wurin injin." Muka ratsa tsakar gida, muka shiga rumfar kwano, muka zagaya bayan rumbunan ƙarfe inda injin tsince shinkafa yake. Na durƙusa daidai inda makaniki ke durƙusawa in zai buɗe murfin ƙasa, na miƙa masa wayar. Sanda ɗaya ce ta rage, ita ma tana zuwa tana tafiya.

Igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe, karo take yi da shi ta dawo. Masana'anta kuwa ƙarfe ce daga sama har ƙasa: rufin kwano, ginshiƙai, rumbuna, tukunyar tururi, bututu. Ruwa ma yana shanye ta, don haka tarin buhunan ɗanyar shinkafa da tankunan jiƙo katanga ne a wurinta. Rautar, wato na'urar da ke watsa waifai, da aka saya don ofis an yi ta ne don ɗaki biyu ko uku masu fanka. Duk abin da za ka karanta a ƙasa yana komawa ne ga wannan: ƙarfin sabis ɗinka shi ne ƙarfinsa a gindin inji.

3. Wane irin ƙarfin intanet ake bukata?

Bai kai yadda mutane ke tsoro ba, amma ta wata fuska daban ake auna shi. Masu sayar da data da saurin saukewa suke talla, domin shi mai kallon fim ke so. A nan mu ne masu turawa. Hoton injinmu ne zai tashi daga Sakkwato, don haka saurin turawa ya kamata ka duba. Kira ɗaya mai hoto tar yana cin megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Ni ba na yarda da wurin da ba ya ba ni ninki biyu na haka a tsaye, ba tare da hawa da sauka ba. Ga mai lissafin kuɗi: megabit 2 a daƙiƙa, in aka yi awa guda, ya kama megabait 900.

Na biyu shi ne jinkiri, wato lokacin da magana ke ɗauka kafin ta isa. Ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ita ce, in jinkirin zuwa kawai bai wuce milisakan 150 ba (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), hira na tafiya kamar gaba da gaba. Da ya yi yawa sai a fara cin karo a magana. A wurin gyara kuwa abin ya wuce rashin daɗi: injiniya ya ce "tsaya, ba wannan ba", kafin maganar ta iso sifana ta riga ta juya.

4. Ta yaya zan gano wuraren da sabis ke mutuwa?

Da ƙafa. Ka zana taswirar masana'antar a takarda, ko da biro ne, ka sa a waya ɗaya daga manhajojin kyauta masu auna ƙarfin waifai, ka bi inji ɗaya bayan ɗaya kana rubuta lambar da ka gani. Lambar tana zuwa da alamar ragi, kuma ƙaramarta ta fi kyau: -50 ta fi -70 nesa ba kusa ba. Ma'aunin da masu wannan sana'a ke bi domin murya da bidiyo shi ne -67. Duk inda ta gangara zuwa -75 ko -80, ka zagaye wurin da ja.

Akwai sharuɗɗa uku da in aka tsallake su awon ya zama ɓata lokaci. Ka auna inda makaniki ke sa kansa, ƙarƙashin bel, cikin akwatin lantarki, saman matakala, ba tsakiyar fili ba. Ka auna injuna na aiki, domin walda da na'urorin sarrafa gudun injin lantarki suna watsa hayaniyar da ke damun sigina, ga kuma wayoyin ma'aikata duk a kunne. Sannan ka sake aunawa lokacin kaka, sito cike da buhu har rufi. Siton da ka auna fayau a watan Yuli wani wuri ne daban a watan Disamba.

Bayan awo, ka yi kiran gwaji na gaske da na'urar da za a yi aiki da ita, domin eriyar tabarau ƙarama ce, ba lalle ta kama abin da kwamfutarka ta kama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Na ga ana cewa 2.4 da 5. Wanne zan bi?

Wanda ya saba murɗa rediyo ya san zango-zango ne. Zangon gigahaz 2.4 yana zuwa nesa, amma tashoshi uku kacal ke cikinsa da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma can kowa ya taru: wayoyi, Bluetooth, rautar maƙwabci. Zangon 5 yana da tashoshi da yawa, ya fi sauri, ya fi shiru, sai dai tafiyarsa gajera ce. Ka ware wa kiran gyara zangon 5 da suna nasa na daban, ka bar 2.4 ga sauran hidima. Gajartar tafiyar kuma da yawan akwatunan waifai, wato na'urorin da ake ratayewa su watsa sigina, ake maganinta, kamar yadda ke tambaya ta 6.

6. Akwatin waifai nawa zan saya, kuma a ina za a rataye su?

Taswirar tambaya ta 4 ce za ta faɗa maka adadin. Kuskuren da na fi gani shi ne a sayi akwati ɗaya "mai ƙarfi", a maƙala shi can ƙololuwar rufi, a ƙure masa ƙarfi. Sai ya zama kamar mai shela da lasifika a bakin kasuwa: kowa na jin sa, shi ba ya jin kowa. Wayarka ta nuna sanduna cike, amma muryarta ba ta kai masa, ga shi mu turawa muke (duba tambaya ta 3). Akwatuna da dama masu matsakaicin ƙarfi, an sauko da su ƙasa-ƙasa inda suke ganin injin ido da ido, sun fi ƙato guda. A lungu mai tsawo tsakanin rumbuna, eriya mai fuskantar gefe ɗaya kamar tocila ta fi mai watsawa ko'ina. Kuma kar a kulle akwatin cikin akwatin ƙarfe don tsoron ɓarawo; na sha buɗe irin wannan. A sa na roba mai kwaɗo.

Kowane akwati a ja masa waya tasa. Na san akwai masu miƙa wa juna sigina ta iska ba waya, kuma suna da daɗin kafawa, amma kowane tsalle yana rage sauri, a wasu har kusan rabi, yana kuma ƙara jinkiri. Wayar netwok ta tagulla iyakarta mita 100, kuma ita ce za ta ɗauko wa akwatin wutarsa, ba sai an kai masa soket ba. A sa ta cikin bututu, nesa da manyan wayoyin wuta. A kula da ta kasuwa mai araha wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka ajiye ta. Tsakanin gini da gini kuwa faiba, wato wayar gilashi, ce kawai shawarata, dalilin yana tambaya ta 9.

7. Mun ƙara akwatuna, amma da makaniki ya taka daga wannan inji zuwa wancan sai kira ya yanke. Me ya faru?

Na'urar ce ta maƙale wa akwatin farko har sai da ya ɓace mata, sannan ta fara neman wani. Yawanci hakan na faruwa ne in an tara rautoci iri-iri, kowace da sunanta da kalmar sirrinta. A sa akwatunan su zama na kamfani ɗaya, ƙarƙashin kulawa ɗaya, da suna ɗaya. A cikin saitinsu a kunna 802.11r da k da v, waɗanda aikinsu ke nan: miƙa na'ura daga akwati zuwa akwati kafin kira ya ji. Sannan iyakokin akwatunan su ɗan shiga juna, kar a bar rami a tsakani. Bayan an kunna a gwada da tsofaffin na'urori, don wasunsu ba sa jituwa da r ɗin.

8. Zafin Sakkwato da ƙurarta fa?

Wannan ce tambayar da takardun kamfanonin waje ba su cika amsa mana ba, kuma ita ta fi ci mini rai, don na ga kaya masu tsada sun mutu cikin wata kaɗan ba laifin kowa sai rashin tambaya. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin rufin kwano da azahar ya fi haka sosai, kuma can saman ne ake son rataye akwati. Akwatunan ofis da yawa iyakar juriyarsu digiri 40 ne. Alamar ita ce wannan: da safe komai lafiya, daga ƙarfe ɗaya zuwa la'asar sabis ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, da magariba ya warke da kansa. In ka ga haka, hau tsani ka taɓa akwatin. A sayi waɗanda aka yi don waje ko don masana'anta, a karanta iyakar zafinsu a takarda kafin a biya, a kuma bar tazara tsakaninsu da kwano.

Ƙura kuma iri biyu ce, ta hunturu da ke zuwa da lokacinta, da ta aiki wadda ba ta hutu, ko garin siminti irin na Kalambaina inda ake sarrafa shi tun 1967, ko ƙaiƙayi da dusar shinkafa. A nemi alamar IP65 ko sama: lambar farko, 6, tana nufin ƙura ba ta shiga sam, ta biyun kuma ta ruwa ce. Akwatin rarraba wayoyi mai fanka yana zuƙar ƙura kamar hanci, don haka ko a sayi marar fanka, ko a ajiye shi a ɗaki mai rufi a riƙa hure shi.

Na'urar hannu ma tana jin jiki. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma kiran bidiyo da kansa yana dafa waya. In gyaran ba na gaggawa ba ne, a sa shi da sassafe. Wannan ya ma yi daidai da agogon masu injin: Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, Sin da awa bakwai, wato ƙarfe takwas na safenmu ƙarfe uku ne na yamma a Sin.

9. In aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi kira ya mutu. Mene ne magani?

Daƙiƙa goma na duhu sun isa su kashe rauta da akwatuna, kuma kafin su farfaɗo su gane juna an ci mintuna. A ɗora dukkan kayan sadarwa a kan inbata ko batirin ko-ta-kwana nasu na kansu. Tunda akwatunan ta wayar netwok suke shan wuta, batir ɗaya a ɗakin rarrabawa ya riƙe su duka, kuma abin da suke ci kaɗan ne, faranti ɗaya ko biyu na sola sun ɗauke shi. A hana kowa jona fanka ko cajin waya a wannan layi.

Da damina kuma tsawa ce abokiyar gaba. Wayar tagulla da aka ratsa da ita sararin tsakar gida daga ofis zuwa rumfar inji tana iya kwaso wutar tsawa ta ƙone abin da ke bakinta biyu. Faiba gilashi ce, haske ke bi ta cikinta, ba ruwanta da tsawa ko hayaniyar injuna, kuma tana wuce mita 100 ba gajiya. A tabbatar kuma atin na ginin, wato wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa, yana aiki da gaske.

10. Ta wace hanya ya fi kyau intanet ɗin ya shigo masana'antar?

In faiba ta iso unguwarku, ita ce gaba. In ba ta iso ba, rautar 4G mai eriya a waje, a kan dogon ƙarfe tana fuskantar hasumiyar sabis, ta fi wadda aka ajiye kan tebur cikin ɗakin kwano. A gwada ta da yamma lokacin da jama'a suka hau layi. Game da 5G, MTN da Mafab ne suka ci gwanjon Hukumar Sadarwa ta Najeriya a Disamban 2021, Airtel ya biyo baya. Kafin ka sayi rautar 5G, aro ɗaya ka gwada a harabarka. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma taurarinsa suna kusa, kimanin kilomita 550, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne. Tsofaffin tauraron ɗan'adam masu nisan kilomita 36,000 jinkirinsu ya haura rabin daƙiƙa, ba su dace da wannan aiki ba. Farantin Starlink yana son sarari, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana iya tsinke shi na ɗan lokaci.

Ni dai ra'ayina a haɗa biyu daga hanyoyi mabambanta, da rautar da ke sauyawa da kanta in ɗaya ya faɗi. Kuɗin layi na biyu na wata guda bai kai asarar wuni ɗaya na tsayuwar inji ba.

11. Ba haɗari ba ne a buɗe wa mutanen waje masana'antarmu?

Akwai haɗari in aka cakuɗa komai wuri ɗaya. A watan Maris na 2019 masu kutse sun kulle kwamfutocin Norsk Hydro, babban kamfanin alminiyom na ƙasar Norway, har wasu masana'antunsa suka koma aiki da hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A raba netwok gida uku: na kwamfutocin da ke sarrafa injuna, na kiran gyara, da na ma'aikata da baƙi, kar wani ya leƙa wani. Rabuwar tana da wata riba: wayoyi talatin masu kallon bidiyo lokacin hutu ba za su shaƙe kiran injiniya ba. A sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a sake sauyawa duk lokacin da ma'aikaci ya bar aiki. In kamfanin injin ya nemi shiga kwamfutar injin kai tsaye, a buɗe masa lokacin aikin, a rufe da an gama.

Kyamara kuma tana ɗaukar fuskokin mutane. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ko ba doka, mutunci ya sa a sanar da ma'aikata, musamman mata masu tsince da shara, kafin a kunna.

12. To wane tabarau zan saya?

Kar ka saya tukuna. Fara da wayar hannu mai kyamara mai kyau, ka tambayi kamfanin injinka wace manhaja suke aiki da ita. In kun yi gyara biyu ko uku kun ga riƙon waya yana hana makaniki aiki da hannu biyu, sannan a yi maganar na kai. Kasuwar tana sauyawa: Google ya daina sayar da tabaransa na masana'antu a 2023, Microsoft ya daina ƙera nasa tabarau mai suna HoloLens 2 a 2024, tallafinsa kuma zai ƙare a ƙarshen 2027. Irin na RealWear, mai maƙalewa a hular kwano da ɗan allo gefen ido, ana ba shi umarni da murya, kuma an yi shi don ƙura da faɗuwa, sai dai zanensa a kan hoto yake fitowa, ba ya manne wa inji kamar na HoloLens. Ga yawancin gyaran da na gani hakan ya wadatar. Kowanne ka zaɓa, koma tambaya ta 4 ka gwada shi a gindin inji kafin ka cika kuɗin.

13. Makanikinmu gwani ne amma Turancinsa kaɗan ne, ga ƙarar inji. Zai iya?

Zai iya, kuma a nan zanen ke nuna amfaninsa, domin kibiya ba ta bukatar tafinta. Duk da haka a haɗa shi da wani matashi mai jin Turanci, ko cikin masu sanin makamar aiki da ke zuwa daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya shiga kiran ta wata waya yana fassarawa. Matashin ya san matsayinsa: "Baba, ya ce a sassauta na hagun" ya isa, ba shi zai koya wa mai shekara ashirin a kan inji riƙon sifana ba. A saya musu abin kunne mai toshe ƙara, mai makirfo kusa da baki.

Mutumin da hankalinsa ke kan allo ba ya ganin bel da ke juyawa kusa da hannun rigarsa. Kafin a buɗe inji a kashe wutarsa daga tushe, a sa kwaɗo a makunnin, mabuɗin ya zauna a aljihun wanda hannunsa ke ciki. In dole sai injin na tafiya za a duba shi, a tsayar da mutum na uku kusa da maɓallin tsayarwa, wanda ba ya cikin kiran, idonsa a kan makaniki kawai.